Ciwon gaɓɓai: abin da ke kawo shi, yadda ake gano shi da maganin da ya dace

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, kuka ɗaya ake ji a gidaje da kasuwanni, tun daga Birnin Konni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi har zuwa Badagishiri da Illela: gwiwa, ƙugu, kafaɗa, baya. Wani ya ce sanyi ne ya kama shi, wani ya ce sanyin ƙashi, wata ta ce amosani ne na gado. Daga nan sai a tsayar da mai tallar magani a sayi ƙwaya biyu a haɗiye, a koma bakin aiki.

A wajen ma'aikatan lafiya, ciwon gaɓa alama ce, kuma cututtukan da ke iya kawo ta sun fi 100. Akwai wanda mutum zai rayu da shi shekaru yana lallaɓawa. Akwai kuma wanda in aka yi kwana biyu ko uku ba a je asibiti ba, gaɓar ta lalace ke nan har abada. Shi ya sa ya kamata kowane gida ya san bambancinsu.

Yadda gaɓa take

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Duk inda ƙashi biyu suka haɗu, nan ce gaɓa. Bakin kowane ƙashi yana lulluɓe da guringuntsi, wannan farin abu mai santsi da muke gani a kan ƙashin rago in an yanka. Shi ke hana ƙashi ya goge ƙashi. A cikin gaɓar akwai ɗan ruwa mai yauƙi, aikinsa kamar na man inji ne. Sannan akwai jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan, da naman da ke motsa su. Ciwo yana iya tasowa daga kowane ɗaya cikin waɗannan. Abin lura shi ne guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, don haka in ya cinye ba ya tsirowa kamar fata.

Zaizayewar gaɓa

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne likitocinmu ke kira artroz. Guringuntsi ne ke cinyewa sannu a hankali har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a duniya, kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 cikin ɗari kuma mata ne. Gwiwa ya fi kamawa, sai ƙugu da yatsun hannu.

Alamarsa: ciwon yana ƙaruwa da aiki, yana sauƙi in an huta. Da safe gaɓar na ɗan sandarewa, amma kafin rabin awa ta sake. In an lanƙwasa gwiwa a ji tana ƙas-ƙas. Tashi daga tabarma, hawa amalanke, tsugunno a bayan gida da zaman tahiya duk su zama aiki. In ya daɗe ƙafa kan gwame.

Shekaru na kawo shi, ƙiba na kawo shi, gado na da hannu, tsohon rauni ma haka. Sai kuma irin ayyukanmu. Mai dashen albasa a Galmi ko Dogarawa yana wuni a duƙe. Haka mai aiki a filayen noman rani na Konni da kwarin Magiya. Mai haƙar tassa da rabin wata a kan fako a yankin Badagishiri da Illela yana dukan ƙasa mai tauri da ƙarfin kafaɗa. Ɗan dako da ke sauke buhunan siminti na Malbaza ko buhunan albasa, gwiwarsa da ƙugunsa ne ke ɗauke da kayan. Mata kuwa ba a magana: daka, surfe, jan guga a rijiya mai zurfi, ɗaukar ruwa da icce a ka, ga goyo a baya.

Sanyin hunturu ba shi ke cinye guringuntsi ba. Sai dai mutane da yawa sun fi jin ciwon a lokacin ɗari, saboda nama na ɗaurewa kuma ana rage motsi.

Rauni: targaɗe, gocewa da karaya

Faɗuwa daga kabu-kabu, kokawa, ƙwallo, harbin jaki ko zamewa a bakin rijiya kan jawo targaɗe, wato jijiyar gaɓa ta miƙe fiye da kima ko ta yage. Ƙaramin targaɗe yana warkewa da hutu. A ɗaga ƙafar sama, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 sau da yawa a kwana biyun farko, a ɗaure da bandeji ba tare da matsewa ba.

Amma in mutum ya kasa taka ƙafar, ko gaɓar ta canza siffa, ko yatsu sun yi sanyi sun daina ji, to wannan sai an ɗauki hoton ƙashi. Karayar da ta shiga cikin gaɓa, in aka ɗora ta a karkace, ita ce ke komawa artroz bayan wasu shekaru, ko da mutum yana da ƙuruciya.

Emasi

Ciwon emasi, wanda a Najeriya ake kira sikila, wasu kuma amosanin jini, yana cikin manyan dalilan ciwon ƙashi da gaɓɓai ga yara da matasa a ƙasarmu. Ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya rasa jini, sai ciwo mai tsanani ya taso. Ga jariri, alamar farko sau da yawa ita ce kumburin bayan hannu da na ƙafa tare da kuka, tun yana ɗan wata shida zuwa shekara biyu. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro da gajiya su ne ke tayar da shi. Ga saurayi ko budurwa mai emasi, ciwon ƙugu da ɗingishin da ba ya wucewa na iya nufin kan ƙashin cinya ya fara mutuwa saboda rashin jini. Kada a yi wasa da shi.

Gadonsa ake yi daga uwa da uba duka biyu. In miji AS ne mata ma AS ce, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Awon jini ne ke nunawa, musamman wanda ake kira elektroforez. Akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu wannan ciwo a Yamai, kuma kowace ranar 19 ga watan Yuni duniya na tunawa da su. Awo kafin aure ya fi muhimmanci a gidajen da ake auren zumunci.

Ƙwayoyin cuta a cikin gaɓa

Wannan shi ne mafi gaggawa. Ƙwayar cuta na iya shiga gaɓa ta cikin jini, ko ta ƙaya, ƙusa, tsaga ko allurar da ba ta da tsabta. Gaɓa guda ta kumbura, ta yi zafi rau, mutum ya kasa motsa ta ko kaɗan, ga zazzaɓi. Yaro ya ƙi taka ƙafa, ko jariri ya riƙa tsala ihu duk lokacin da aka taɓa cinyarsa. Mugunya ce ke taruwa a ciki, kuma cikin ƴan kwanaki take narkar da guringuntsi. Maganinsa sai a asibiti: a zuƙe ko a wanke gaɓar, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

Tarin fuka, wato tibi, shi ma yana kama ƙashin baya, ƙugu ko gwiwa, ko da mutum ba ya tari. Shi a hankali yake zuwa: ciwon baya na watanni, rama, zufa da dare, wani lokaci ƙusumbi ya fara fitowa ko ƙafafu su yi nauyi. Maganin tibi kyauta ne a Nijar, sai dai na ƙashi yana ɗaukar watanni da yawa, yakan kai shekara, kuma ba a yanke shi a hanya.

Ciwon sanyi da ake ɗauka ta hanyar kwanciya shi ma yana iya bin jini ya sauka a gwiwa ko wuyan hannu. A nan ne kalmar sanyi ke rikita mutane. In akwai fitar mugunya ko zafin fitsari tare da ciwon gaɓa, a faɗa wa likita gaskiya, kuma a yi wa miji da mata magani tare.

Makiyaya, mahauta da masu shan ɗanyen nono suna iya ɗaukar wata cuta daga dabbobi mai suna burseloz. Zazzaɓi ne mai zuwa yana komawa, da zufa, da ciwon ƙugu da baya. Dabbar da ke yawan ɓari ita ce abin zargi. Tafasa madara kafin a sha ko a yi nono da ita yana kare mutum. Haka kuma zazzaɓin kwarin Rift, wanda ya ɓulla a Cintabaraden da Tassara a nan jihar Tahoua a shekarar 2016, ciwon gaɓɓai da na jiki na cikin alamominsa. Shi kansa zazzaɓin cizon sauro yana sa gaɓɓai ciwo, amma ba ya kumbura su, kuma ciwon na tafiya in an sha magani.

Ciwon maƙogwaron yara da ke taɓa zuciya

Iyaye mata, a kula da wannan. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, aka bar shi ko aka kai shi wajen wanzami aka cire beli. Bayan sati biyu ko uku sai gwiwa ta kumbura, gobe ta sake, idon sawu ya kama, jibi gwiwar hannu. Ciwo ne mai yawo daga gaɓa zuwa gaɓa. Gaɓɓan suna warkewa, amma cutar kan bar tabo a ƙofofin zuciya, har yaro ya girma da haki da kumburin ƙafa. Maganin penisilin a kan lokaci yana hana faruwar haka tun daga ciwon maƙogwaron. Yaron da ya riga ya kamu kuwa, ana yi masa allurar penisilin duk sati uku ko huɗu har tsawon shekaru, don kada ta dawo ta ƙara lalata zuciyar.

Amosanin gaɓɓai mai kumburi

Likitoci na kiransa poliartrit. A nan garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi gaɓɓan mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 18 ne ke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Yana farawa da ƙananan gaɓɓai: yatsun hannu, wuyan hannu, yatsun ƙafa, kuma hagu da dama lokaci guda. Da safe hannu ya sandare awa guda ko fiye, mace ta kasa riƙe taɓarya ko matse wanki, sai rana ta ɗaga ya ɗan sake. Ga gajiya da rashin cin abinci.

Bambancinsa da artroz a fili yake: shi hutu ne ke ƙara masa, motsi ke rage shi. In aka bar shi shekaru, yatsu su karkace. A nan ne ake yawan cewa sammu ne ko jifa, a yi ta yawon neman karya sihiri har hannun ya nakasa. Alhali akwai magungunan da ke tsayar da ɓarnar in an fara su cikin watannin farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gut

Wani sinadari ne mai suna asid urik ke yawa a jini, ya daskare a cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Mutum ya kwanta lafiya lau, cikin dare babban yatsan ƙafa ya tashe shi, ya kumbura yana sheƙi, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Bayan sati ɗaya ko biyu ya lafa, sai wata rana ya dawo. Maza masu matsakaicin shekaru ya fi kamawa, musamman masu ƙiba, hawan jini ko ciwon ƙoda. Yawan cin kayan ciki irin su hanta da ƙoda, yawan jan nama, giya da lemun kwalba mai sukari suna tayar da shi. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna ƙara shi, amma kada a daina su sai da shawarar likita.

Ruwan sha

Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da sinadarin fuliyo fiye da kima. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligram 1.5 a kowace lita. Abin da ya faru a Tibirin Gobir cikin jihar Maraɗi, inda ruwan famfo mai yawan wannan sinadari ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, darasi ne ga kowa. In aka ga yaran gari da yawa haƙoransu sun yi ja-ja kuma suna kukan ƙafafu, a sanar da CSI da magajin gari don a auna ruwan.

Alamomin da ba a kwana da su

A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- gaɓa guda ta kumbura ta yi zafi, tare da zazzaɓi;
- yaro ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi motsa hannu;
- gaɓa ta canza siffa bayan faɗuwa, ko ƙashi ya huda fata;
- ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida;
- mai emasi yana ciwon ƙirji, haki, zazzaɓi ko ya yi fari fat;
- ciwon kafaɗa ko hannun hagu tare da nauyin ƙirji da zufa, don wannan yana iya zama zuciya.

Wanda kuma ciwonsa ya wuce sati biyu bai sauka ba, ko yana hana shi barci, ko yana ramewa, ya je a duba shi cikin satin.

Yadda ake gano ciwon

Matakin farko shi ne CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, majo zai ba da takardar turawa zuwa asibitin gunduma, kamar na Konni ko na Illela. Akwai asibitin mishan na Galmi da aka buɗe tun 1950, inda ake aikin tiyata, akwai kuma babban asibitin jiha a Tahoua. Akwai ƙwararrun likitocin gaɓɓai a manyan asibitocin Yamai, wasu mutanen Konni kuma kan tsallaka zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tuna cewa tun 2006 gwamnati ta sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta.

Rabin gano ciwon yana cikin amsar da majiyyaci zai bayar. Za a tambaye ka: yaushe ya fara? Gaɓa nawa? Da safe ya fi ko da yamma? Ka faɗi? Akwai zazzaɓi? Akwai mai irinsa a gida? Wace sana'a kake yi? Wane magani ka sha? Ka zo da kwalayen duk ƙwayoyin da ka saya, ka kuma faɗi saiwoyi da jiƙon da ka sha. Ba don a yi maka faɗa ba ne, don kada a haɗa maka maganin da zai cutar da kai.

Daga nan likita zai duba gaɓar, ya taɓa, ya lanƙwasa, ya ga tafiyarka. In da bukata ya rubuta hoton ƙashi, wanda muka saba kira radiyo. Hoton na nuna karaya, gocewa da raguwar tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa, amma ba ya nuna jijiya, kuma a farkon wasu cututtukan yana fitowa lafiya lau. Awon jini kuwa yana nuna ko akwai kumburi a jiki, yawan asid urik, emasi, alamun poliartrit da lafiyar ƙoda. In gwiwa ta tara ruwa, akan zuƙo shi da allura a auna. Wasu na tsoro wai in an zuƙe ruwan gwiwa ta bushe. Jiki yana sake yin wani, kuma wannan awon ne ke bambanta mugunya da gut.

Magani

Kowane irin ciwo da nasa. Artroz ba shi da maganin da zai maido da guringuntsi, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinka yake so. Amma ana rage ciwon ƙwarai har mutum ya ci gaba da harkokinsa. Babban maganinsa motsa jiki ne. Tafiya a ƙasa mai laushi, tuƙa keke, da ƙarfafa naman cinya: ka zauna a kujera, ka miƙe ƙafa guda, ka riƙe ta kana ƙirga goma, ka sauke, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Kwanciya wuni guda tana ƙara sandarar da gaɓa. Mai ƙiba ya rage nauyi, don kowane kilo guda da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu na nauyi a kowane taku. A riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, wato in gwiwar dama ce ke ciwo sanda na hannun hagu. Gashi da ruwan ɗumi yana sassauta gaɓar da ta sandare, amma ba a gasa wadda ta kumbura take zafi. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi, malamai sun yi bayani cewa addini ya ba shi damar yin salla a zaune.

Wajen ƙwaya, parasetamol ake farawa da shi. Babban mutum kada ya wuce gram 3 a rana, wato ƙwaya 6 ta miligram 500, a rarrabe, sai in likita ya ce. Akwai man shafawa na diklofenak da ke taimaka wa gwiwa da yatsu, kuma ya fi na haɗiya sauƙin illa. Su ibuprofen da diklofenak na haɗiya ana shan su ne na ƴan kwanaki, bayan an ci abinci. Wani lokaci likita kan yi allura cikin gaɓar. In ta lalace gaba ɗaya akwai tiyatar sa gaɓar ƙarfe, sai dai tana da tsada kuma sai a manyan asibitoci.

Poliartrit ana riƙe shi da magunguna irin su metotreksat, wanda ake sha sau ɗaya tak a sati, ana bin sa da awon jini. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Gut kuwa, ana kwantar da tashinsa da kolshisin ko maganin kumburi, sannan mai yawan samunsa a ɗora shi kan alopurinol kullum, ko da ba ya jin ciwo. Mai emasi yana bukatar yawan shan ruwa, rigar sanyi, gidan sauro, folik asid, rigakafi, da zuwa awo a kai a kai. Wasu ana ba su hidroksiyure don rage yawan tashin ciwon.

Ƙwayoyin kasuwa

Konni gari ne na bakin iyaka, kuma ƙwaya ba ta wuyar samu: a tire, a kan keke, a kasuwannin ƙauye, cikin rana da ƙura. Mai talla zai ƙulla maka ja, fari da rawaya a leda ya ce haɗin sanyin ƙashi ne. Sau da yawa a ciki akwai maganin kumburi iri biyu ko uku, da deksametazon, wani lokaci da tramol.

Maganin kumburi in aka daɗe ana sha yana huda ciki, ya sa aman jini ko baƙin bayan gida, ya ɗaga hawan jini, ya kashe ƙoda. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, masu gyambon ciki, masu ciwon sukari, da manomin da ke sha da ƙishirwa cikin zafin rana. Mai ciki ba ta shan sa, musamman a watannin ƙarshe. Deksametazon yana kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake yabon sa, amma yana kumbura fuska, ya tayar da ciwon sukari, ya sa ƙashi ya yi rauni, har ya kashe kan ƙashin cinya. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali. Tramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu: kamu, farfaɗiya, da aiki a kan gaɓar da ta ji rauni ba tare da an ji ba. Araha ba ta ado. A sayi magani a farmasi, da takardar likita.

Masu ɗori da wanzamai

Mutane sun yarda da su, suna kusa, kuma ba su da tsada. Sai dai akwai iyaka. Ɗaurin karan da aka matse yana tsayar da jini, hannun yaro ya yi baƙi har a kai ga yankewa. In bayan ɗori yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ko ciwo ya ƙaru, a kwance nan take a nufi asibiti. Karayar da ta huda fata, ta ƙugu, ta baya da ta cikin gaɓa ba na gida ba ne. Tsaga, ƙaho da sakiya a kan gaɓar da ta kumbura suna buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma aska ɗaya ga mutum da yawa tana yaɗa ciwon hanta da sida. Mafi alheri shi ne a fara ɗaukar hoto, a san abin da ke ciki.

Abin da za a kiyaye a gida da gona

In za a ɗaga buhu, a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, baya a miƙe. Kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kama shi mutum biyu, ko a sa a amalanke. Mai dashe ko cirar ciyawa ya riƙa miƙewa lokaci lokaci. A rage wa ƙananan yara tulu da jarka masu nauyi. A raba wa tsofaffin mata aikin daka, inda akwai injin niƙa a kai can. A tafasa madara. A kai yaro asibiti in yana ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. A yi awon emasi kafin a sa ranar aure. Ɗan kabu-kabu ya rage gudu da lodi.

Kowace ranar 12 ga watan Oktoba ita ce ranar masu ciwon gaɓɓai ta duniya, kuma tana zuwa ne gab da shigowar ɗari da fara aikin rani. Lokaci ne mai kyau ga duk wanda gwiwa ko ƙugu ya dame shi bara ya je CSI a duba shi kafin aiki ya kankama. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.